Tarihin Kamfanin Suzano: Yadda Iccen Turare Ya Zama Takarda

 

Yau za mu yi tafiya mai nisa. Za mu ƙetare babbar teku ta yamma, mu sauka ƙasar Birazil, cikin Amurka ta Kudu. A can akwai wani kamfani mai suna Suzano. Aikinsa shi ne dafa icce, ya mai da shi ƙullun da ake yin takarda da shi. A shekara ta 2024 ya cika shekara 100 da kafuwa. A wannan shekara babu kamfanin da ya kai shi sayar da irin wannan ƙullu a duniya duka.

Iccen da yake dafawa ba baƙo ba ne gare mu. Iccen turare ne, dogon nan mai ganye mai ƙamshi, wanda ake dasawa bakin hanya da gefen fadama. Nasara suna ce masa ekaliptus.

Ku riƙe tambaya biyu har ƙarshen jawabi. Ta farko: ta yaya ɗan kantin sayar da takarda ya zama babban kamfani haka? Ta biyu: a kan ƙasar wa aka dasa itatuwan da suka yi masa wannan arziki?

Abin da ke cikin icce

Ku ɗauki guntuwar takarda daga tsohon kaye. Ku yaga ta a hankali, ku duba bakin yagar a cikin haske. Za ku ga wasu ƙananan gashi-gashi. Wannan shi ne zaren tsiro. Abin da ke cikin zaren, masana suna kiransa seluloz.

Kowane tsiro yana da seluloz. Akwai shi cikin kara, da haki, da rama, da kaba. Kaɗa, wato auduga, kusan dukanta seluloz ce. Icce kuwa wajen rabinsa ne seluloz. Cikin sauran rabin akwai wani abu kamar ƙaro. Shi ke manne zaren wuri ɗaya, shi ke sa icce ya yi tauri. Sunansa linyin. Aikin masana'antar ƙullu shi ne ta raba zaren da wannan ƙaro. In aka raba su, sai a samu wani farin abu mai laushi kamar ƙullun koko. Shi muke kira ƙullun takarda.

Zaren icce iri biyu ne. A ƙasashen sanyi akwai itatuwa masu ganye kamar allura. Zarensu dogo ne, yakan kai milimita 3. Takardarsa tana da ƙarfi ƙwarai. Da ita ake yin buhun siminti. Itatuwa masu faɗin ganye, irin su turare, zarensu gajere ne, wajen milimita 1. Ku riƙe wannan bambanci, don tarihinmu na yau a kansa ya tsaya.

Daga tsumma zuwa icce

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara yin takarda. Tarihi ya ambaci wani ma'aikacin fadar sarkinsu mai suna Cai Lun, a shekara ta 105. Musulmi sun koyi sana'ar a birnin Samarkand bayan shekara ta 751. Daga nan ta kai Bagadaza, ta kai Andalus, ta shiga Turai.

Shekaru aru-aru, da tsumma ake yin takarda. Takardar nan mai alamar wata uku, wadda malamanmu na dā suka yi rubutu a kanta, daga Italiya take. Takan biyo ta Tarabulus, raƙuma su ƙetaro hamada da ita. Da tsofaffin tufafi aka yi ta, shi ya sa take da tsada.

Da masu karatu suka yi yawa a Turai, sai tsumma ya kasa. A shekara ta 1844 wani Bajamushe mai suna Keller ya yi injin niƙa icce a kan dutse. A shekara ta 1879 wani kuma mai suna Dahl ya gano wata hanyar dafa icce da sinadari mai ba da ƙullu mai ƙarfi. Tun daga nan sai sana'ar ta koma hannun masu dazuzzukan sanyi: Kanada, da Amurka, da Suwidin, da Finlan, da Norwe. Sauran ƙasashe sai su saya daga gare su. Birazil tana cikin masu saye.

Baƙo mai sayar da takarda

An haifi Leon Feffer a shekara ta 1902 a ƙasar Yukren. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ƙasar ta rikice. Sai ya yi hijira zuwa Birazil yana saurayi, a farkon shekarun 1920. Ya zauna a birnin Sao Paulo.

A shekara ta 1924 ya yi rajistar ɗan kamfaninsa na sayar da takarda. Yakan saro, ya sayar wa masu kanti da masu ɗab'i. Ciniki ya yi kyau. Ya ƙara da buga takardu da yin ambulan.

A shekara ta 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Jiragen ruwa suka rage zirga-zirga, domin ana nutsar da su a teku. Takardar waje ta yi wuya. Mai sayar da abin da bai yi da hannunsa ba, ranar da hanya ta toshe, kantinsa ya zama wofi. Leon ya gane haka. Ya sayar da abin da ya mallaka, har gidan da yake ciki, ya zuba kuɗin wajen gina masana'antar takarda a wata unguwa ta Sao Paulo mai suna Ipiranga. Ta fara aiki a shekara ta 1941.

To, amma matsala ba ta ƙare ba. Ya daina sayen takarda waje, sai dai ƙullun da injinsa ke ci, har yanzu daga ƙasashen sanyi yake zuwa. Ya zama kamar mai injin niƙa wanda ba shi da gona. In hatsi bai zo ba, inji ya tsaya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai Leon ya shiga neman iccen gida da zai yi ƙullu.

Iccen jirgin ƙasa

A nan sai mu koma baya kaɗan, mu ga yadda turare ya yi yawa a Birazil. Asalinsa daga Ostareliya ne da tsibiran da ke kusa da ita.

A farkon ƙarni na 20, jihar Sao Paulo ta yi arziki da noman kofi. Jiragen ƙasa ke kai kofin bakin teku. Jiragen lokacin da wuta suke tafiya, suna cin icce mai yawan gaske. An sassare daji don gonaki, an sassare don jirgi, har icce ya fara wuya. Sai kamfanin jirgin ƙasa na Paulista ya ɗauki wani masanin aikin gona mai suna Edmundo Navarro de Andrade. A shekara ta 1904 ya fara gwada itatuwa iri-iri a garin Jundiai, don ya ga wanda ya fi saurin girma. Turare ya tsere wa sauran. Daga baya ya tara irin turare fiye da 100 a gandun garin Rio Claro, ya rubuta halin kowane.

Saboda haka, lokacin da Leon ke neman icce, turare na nan tsaye miliyoyi a jihar. Ana ƙona shi, ana yin turaku da shi. Amma yawancin masu sana'ar takarda sun raina shi. Suna cewa zarensa ya cika gajarta, takardarsa za ta yage cikin inji. In ma an sa shi, sai an gauraya shi da dogon zare na waje.

Gwajin Max

Leon yana da ɗa mai suna Max, wanda aka haifa a shekara ta 1926. A cikin shekarun 1950 uban ya ɗora masa wannan bincike. Max ya tafi Amurka da wasu ma'aikata. Suka yi aiki a ɗakin gwaji na Jami'ar Fulorida. Su dafa icce, su wanke, su yi takarda, su ja ta su ga inda za ta yage. Su canza zafi, su canza yawan sinadari, su sake. Haka suka yi ta yi har suka samu abin da suke nema.

A tsakiyar shekarun 1950 iyalin suka sayi wata masana'antar takarda a garin Suzano, gabas da Sao Paulo. A nan suka fara dafa turare. Daga sunan garin ne kamfanin ya samu sunansa. A shekara ta 1961 suka fara yin takarda mai yawa da zaren turare zalla, ba gauraye. Mutanen Ostareliya da na Fotugal su ma sun yi aiki a kan iccen nan a wannan zamani. Amma Suzano ya ce shi ne na farko da ya yi takardar turare tsantsa a babbar masana'anta.

Sai ga shi gajartar zaren da ake rainawa tana da nata amfani. Gajeren zare yana kwanciya lif, yana cike ƙananan ramuka. Takardarsa tana da santsi, tawada na zama a kanta da kyau, kuma rubutun baya ba ya bayyana ta gaba. Ga ta da laushi, tana shan ruwa. Don haka ta dace da littafi da kaye, ta dace da takardar goge hannu da ta bayan gida.

Yadda ake dafa icce

Bari mu shiga masana'anta mu ga aikin daki-daki.

Da farko ana sare icce, a ɓare ɓawonsa. Sai inji ya daddatsa shi ƙanana, kowane guntu bai fi girman dabino ba. Sai a zuba cikin wata tukunyar ƙarfe mai tsawo kamar hasumiya. A zuba soda, irin wadda mata ke yin sabulu da ita, tare da wani gishiri mai farar wuta. A rufe, a dafa awa da dama, da zafin da ya wuce digiri 150. Ku tuna ruwa yana tafasa a digiri 100. Sodar nan ita ke narkar da ƙaron, zaren ya saki.

Daga nan a tace, a wanke. Ƙullun yakan fito da launin ƙasa, sai a faranta shi. A dā da kulor ake yi, dangin ruwan jabel na wanki. Dattin kulor yana lalata kogi, yana cutar da kifi. Daga shekarun 1990 manyan masana'antu suka koma wasu sinadarai masu ƙarancin illa. In ƙullu ya yi fari, sai a shimfiɗa shi, a matse, a busar, a yanka falle-falle. A ɗaure dami-dami, kowane dami kilo 250. Shi ake lodawa a jirgin ruwa.

Ruwan dahuwar kuwa baƙi ne ƙirin, cike da ƙaron icce. Ba a zubar da shi. Ana kafe shi, a ƙona. Wutarsa ke ba masana'anta tururi da lantarki. Daga abin da ya rage a ƙasan tanda ake sake samo sinadarin dahuwa. Sababbin masana'antu sukan samu rarar lantarki har su sayar wa gari. Sai dai farar wutar nan tana da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Maƙwabtan irin waɗannan masana'antu sun daɗe suna kuka da shi.

Seluloz yana da amfani da ya wuce takarda. Ana yin kwali da shi, da ƙunzugun jarirai na zamani. In an ƙara tace shi, ana yin zaren tufafi mai sheƙi. Har cikin ƙwayar magani ana sa shi don ya riƙe garin wuri ɗaya.

Shekara 7 da shekara 70

Me ya sa Birazil ta tsere wa ƙasashen sanyi? Amsa ita ce saurin girma. A Finlan da Suwidin, icce mai ganyen allura yakan yi shekara 60 zuwa 80 kafin ya isa sara. Wanda ya dasa, jikansa ke sara. A Birazil turare yakan isa sara cikin shekara 7. Akwai rana, akwai zafi, akwai ruwan sama fiye da milimita 1000 a shekara a wuraren da ake dasa shi. Icce kuwa shi ne babban abin da ke cin kuɗin mai yin ƙullu. Wanda iccensa ya fi araha, ƙullunsa ya fi araha.

Gwamnati ma ta sa hannu. Sojoji sun karɓi mulkin Birazil a shekara ta 1964. A shekara ta 1966 suka yi doka: duk wanda ya dasa itatuwa, za a rage masa haraji. A shekara ta 1974 suka fito da babban shiri na ƙullu da takarda. Bankin raya ƙasa na gwamnati ya ba kamfanoni bashi mai sauƙi, ya kuma sayi hannun jari a cikinsu. Ba ƙoƙarin iyali ɗaya kaɗai ya gina sana'ar ba. Kuɗin jama'ar ƙasa ma suna ciki.

A wannan zamani aka kafa wani kamfani mai suna Aracruz, a jihar Espirito Santo, bakin teku. Ku riƙe sunansa, za mu dawo kansa. Jagoransa wani ɗan Norwe ne mai suna Erling Lorentzen, surukin sarkin ƙasar Norwe. Sun fara dashe a shekara ta 1967, masana'antarsu ta fara aiki a 1978. Masanan Aracruz ne suka yi fice wajen wata dabara. Maimakon shuka iri, sai su zaɓi iccen da ya fi kowane kyau cikin dubbai. Su yanki ƙananan rassansa, su rena su har su yi saiwa, kamar yadda muke dasa rogo da rake. Ta haka gandu guda yakan zama ƴaƴan icce ɗaya, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Amfanin kowace hekta ya ƙaru ƙwarai. Amma akwai haɗari: cutar da ta iya kama ɗaya, tana iya kama duka. Don haka kullum ana neman sabon iri.

Suzano shi ma ya ci gaba. A shekarun 1970 ya fara sayar da kayansa ƙasashen waje. A shekara ta 1987 ya haɗa jari da kamfanin ma'adinai na Vale do Rio Doce, suka kafa Bahia Sul. Masana'antarsu ta garin Mucuri, a jihar Bahia, ta fara aiki a 1992. Leon ya rasu a shekara ta 1999, Max ya bi shi a 2001. Jikoki suka karɓi ragama. A ƙarshen shekara ta 2013 suka buɗe wata masana'anta a Imperatriz, jihar Maranhao, mai yin tan miliyan 1 da rabi a shekara.

A kan ƙasar wa?

Yanzu mun zo tambaya ta biyu. Masana'antar ƙullu ba ta barci. Dare da rana tana cin icce. Babba guda ɗaya tana bukatar gandun da ya wuce hekta dubu 100. Hekta ɗaya ita ce fili mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. Ina za a samu fili haka? Taswira takan nuna daji wofi, amma in an je, sau da yawa akwai mutane a ciki.

A yankin da Aracruz ya yi dashe akwai ƙabilu biyu na ƴan asalin ƙasar, Tupinikim da Guarani. Kakannin Tupinikim suna wurin tun kafin zuwan Turawan Fotugal. A arewacin jihar kuma akwai ƙauyukan baƙar fata, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. An soke bauta a Birazil a shekara ta 1888. Waɗannan mutane sun gāji gonakinsu kaka da kakanni. Amma yawancinsu ba su da takardar mallaka. Kamfani kuwa ya zo da takardu da hatimi, a zamanin da soja ke mulki, ba a iya ɗaga murya. Ƙauyuka da dama suka watse. Waɗanda suka rage, turare ya kewaye su ta kowace fuska.

Tupinikim da Guarani ba su haƙura ba. Sun yi shekaru suna kai ƙara. A shekara ta 2005 suka shiga gandun, suka shata iyakarsu da hannunsu, suka sake gina ƙauyuka biyu. A watan Janairu na 2006 ƴan sandan tarayya suka zo suka rushe ƙauyukan, mutane suka ji rauni. Suka sake komawa. A shekara ta 2007 ministan shari'a ya amince cewa wajen hekta dubu 18 ƙasarsu ce. Shugaban ƙasa Lula ya tabbatar da haka a 2010. Fiye da shekara 40 ke nan da fara dashe. Ƙauyukan baƙar fata kuwa, da yawa cikinsu ba su samu irin wannan takarda ba a lokacin.

Akwai kuma maganar ruwa. Icce mai saurin girma yana shan ruwa da yawa. Mazauna ƙauyuka sun ce ƙoramunsu sun ƙafe bayan dashe. Sun ce ba namun farauta, ba ƴaƴan itatuwa, ba wurin kiwo. Suka sa wa gandun suna "koriyar hamada". Sun kuma ce aikin bai ɗauki mutane da yawa ba, domin inji guda ke sare icce, ya ɓare shi, ya yayyanka shi cikin ɗan lokaci.

Kamfanoni suna da tasu amsar. Sun ce yawancin filin da suke dasawa tsohon makiyaya ne da shanu suka riga suka gajiyar. Sun ce suna barin dajin asali tsakanin ganduna da bakin rafuka. Dokar daji ta shekara ta 2012 ta wajabta wa mai fili ya bar kashi 20 cikin 100 a yawancin ƙasar, kashi 80 cikin 100 a dajin Amazon. Sun kuma ce wanda ya dasa iccen da zai sara, ya rage wa dajin asali nauyi. Masu bincike sun nuna cewa illar ga ruwa ta danganta da yawan ruwan sama na wurin, da kuma yawan filin da aka rufe da turare a kan rafi guda. Inda ruwa ya yi kaɗan, illa ta fi yawa.

Babba ya haɗiye babba

A shekara ta 2008 Aracruz ya yi babban kuskure. Shugabanninsa suka ƙulla yarjejeniya da bankuna, irin ta caca, a kan cewa dalar Amurka ba za ta tashi ba. A watan Satumba kasuwannin duniya suka rikice, dala ta yi sama. Kamfanin ya yi asarar fiye da dalar Amurka miliyan dubu 2. Itatuwansa lafiya lau, injunansa lafiya lau, amma bashi ya kayar da shi. A shekara ta 2009 iyalin da ke da kamfanin Votorantim suka haɗa shi da nasu, aka sa wa sabon kamfanin suna Fibria.

Fibria ya fi Suzano yawan ƙullu. Duk da haka, a shekara ta 2018 Suzano ya ci bashi mai yawa, ya yi cinikin sayensa. An kammala haɗewar a watan Janairu na 2019. Sabon Suzano ya zama mai iya yin wajen tan miliyan 11 a shekara. Da ya gāji ganduna da masana'antun Aracruz, ya gāji rigingimun filinsa ma.

A watan Yuli na 2024 ya buɗe sabuwar masana'anta a garin Ribas do Rio Pardo, jihar Mato Grosso do Sul. Tana iya yin tan miliyan 2 da dubu 550 a shekara. Mu yi lissafi tare. Tan ɗaya kilo 1000 ne, wato buhu 10 na kilo 100. In muka raba wannan adadi da kwana 365, za mu samu wajen tan dubu 7 kowace rana. Buhu dubu 70 ke nan. In babbar mota tana ɗaukar tan 30, sai an yi lodin mota fiye da 230 kowace rana ta Allah. Da wannan masana'anta, ƙarfin kamfanin ya kai tan miliyan 13 da rabi a shekara. Filin da ke hannunsa ya wuce hekta miliyan 2, wajen miliyan 1 a ciki an bar shi daji. Kamfanin ya ce yana dasa icce fiye da miliyan 1 kowace rana.

Ƙasar da ke sayen ƙullu daga waje a shekara ta 1941, ita ce ta fi kowace ƙasa sayar da shi waje a 2024. Babban mai saye kuwa ita ce Sin, ƙasar da aka fara yin takarda.

Abin lura

Jama'a, mun ga amsar tambaya ta farko. Kamfanin ya girma ne domin ya daina jiran kayan waje. Ya dubi iccen da ke tsaye a ƙasarsa, ya yi bincike shekara da shekaru, ya kuma riƙa dasa abin da zai sara. Gwamnati ta tallafa masa da doka da bashi.

Mun ga amsar ta biyu ma. Saurin girman nan ya zo da yunwar fili. Waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarta su ne talakawan da ke zaune a ƙasar kakanninsu ba tare da takarda ba. Da suka samu haƙƙinsu, da haɗin kai suka samu, da naci, da bin shari'a har ƙarshe.

Kada wani ya ce sai mu cika gonakinmu da turare mu yi irin wannan arziki. Irin da ake dasawa a Birazil dabam yake da namu, kuma ruwan samansu ya ninka namu. A Maraɗi da Damagaram da Tawa ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 ba. Kowace ƙasa da iccen da ya dace da ita.

Ga tambayoyi, ku tattauna su a wurin karatu:

1. Mene ne seluloz, kuma wane tsiro ne kusan dukansa seluloz?
2. Me ya sa Leon Feffer ya gina masana'anta a lokacin yaƙi?
3. In ana sare turare bayan shekara 7, sau nawa za a sare shi cikin shekara 70?
4. Me ya kayar da kamfanin Aracruz a shekara ta 2008?
5. Me ya sa mutanen ƙauyukan Espirito Santo suka rasa gonakinsu, kuma ta wace hanya wasu suka dawo da nasu?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku nuna wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.